Banda fuskata

Jiya na je unguwar Gwange a Maiduguri ɗaukar hoton samarin da suka yi karo-karo suna sake gina wa wata baiwar Allah ɗakinta, tun da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 take raɓe gidan maƙwabta da marayunta. Wallahi har yanzu ga shatin ruwan nan jikin katangar da ta rage, ya kai min ƙirji. Wani yaro bakanike shi ke kwaɓa siminti, ko takalmi babu, ƙafa duk ta tsattsage. Da aka ɗora kwanon farko sai ta matso tace "ɗana ka ɗauki ɗakin, banda fuskata." Nace to Mama. Na rataye kyamarar na shiga layin miƙa bulo har la'asar.