Sujadar Lahadi a gidan kaso na Damagaram

Ikilisiyarmu ce ta ɗora mini aikin ziyartar 'yan kaso, kuma da izinin hukumar gidan nake shiga ranar Lahadi bayan an tashi daga majami'a, ɗauke da Littafi Mai Tsarki, da sabulu, da garin rogo da ƙuli-ƙuli. Masu tsaro sukan bincika kayan a bakin ƙofa, su riƙe wayata da katin shaidata, sa'an nan su nuna mana inuwar da za mu shimfiɗa tabarma. Ko da yake tun 1924 mishan na SIM (Sudan Interior Mission) ya fara aiki a Damagaram, Kiristoci 'yan kaɗan ne a garin, saboda haka taronmu a ciki ƙarami ne, kuma yawancinsa baƙi ne daga Benin, Togo ko kudancin Najeriya, waɗanda ba su da dangin da za su kawo musu kwanon tuwo.

Labarin da suka fi nema a karanta musu shi ne na Yusufu, kuma ba ranar da Fir'auna ya ɗaukaka shi ce ke riƙe hankalinsu ba. Inda suke tsayar da ni shi ne ƙarshen sura ta 40 ta Littafin Farawa, wurin da shugaban masu shayarwa na Fir'auna ya fita daga kurkuku ya manta da Yusufu, har ya ƙara shekara biyu a ɗaure. Wani dattijo ya taɓa girgiza kai ya ce, "Fasto, shekara biyu fa!" (Ni ba fasto ba ne, amma na daina gyara musu.) Daga nan na fahimci cewa mutumin da ke jiran shari'a, bai san ranar da za a kira shi ba, ya fi tsoron a manta da shi a kan yunwa ko zafin watan Afrilu. Shi ya sa ba na yi wa kowa alkawarin yin magana da alƙali, domin ba hurumina ba ne. Abin da nake ɗauka shi ne wanda zan iya cikawa: in kira mahaifiyar wani a Kwatano, in tuna wa lauya, in dawo da amsa ko da mara daɗi ce. Haka kuma ba na tambayar mutum laifin da ya kawo shi. Idan ya yarda da ni, shi da kansa zai faɗa.

Sabulun kuwa kowa muke ba, Musulmi da Kirista, ba tare da sharaɗin zama a sujada ba. Bayan ƙona majami'u da aka yi a garin nan ranar 16 ga Janairu 2015, akwai 'yan'uwa da suka ga wannan bai dace ba, amma a ganina alherin da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne. Idan an kira sallar azahar mukan dakatar da waƙa, kuma cikin watan azumi ba ma ci a gaban masu azumi.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne bayan an sallami mutum, domin ikilisiyar da ta yi ta yi masa addu'a yana ɗaure takan ja jiki idan ya zauna kusa da ita. Yanzu mukan ware wani abu daga baikon da ake tarawa a majami'a domin kuɗin motar mai komawa ƙasarsa, wanda zai zauna a gari kuma mu nema masa maigida a wurin ɗinki ko walda tun kafin ranar fitarsa.