Shekara biyu ban ci Jibin Ubangiji ba

Ni ce ma'ajiyar Zumuntar Mata a ikkilisiyarmu lokacin da abin ya faru. Kuɗin da mata suka tara don taron shekara suna hannuna, ƙulle a leda a ƙasan akwatina. Da kaka ta yi, masara ta yi araha, sai na ɗebi rabi na sayi buhuna, da niyyar in sayar da bazara in mayar ba wanda ya sani. Ƙwari suka cinye masarar. Ranar wanka ba a ɓoye cibi: da aka zo biyan kuɗin mota, sai na durƙusa gaban mata na faɗi gaskiya.

Dattawa suka sa ni ƙarƙashin horo na wata shida. Na sayar da keken ɗinkina na biya har ƙwandalar ƙarshe, aka karɓe ni a gaban jama'a da addu'a. A wurin kowa magana ta mutu, ban da ni.

Na koma bencin baya, ina sulalewa kafin a sa albarka. Ankon zumunta na ninke shi na tura ƙasan gado. Duk Lahadin da za a ci Jibi, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, sai in ce kaina na ciwo. Da ɗana ya kwanta da zazzaɓi, na ce alhakin mata ne yake bin sa. Kowane dare roƙona ɗaya ne, gafarar laifin nan, kamar Allah bai ji na jiya ba. Dawuda ya ce a Zabura 32 ƙasusuwansa sun lalace da ya yi shiru bai hurta ba. Ni na hurta, amma ban daina ramewa ba.

Wata tsohuwa gwauruwa ce ta biyo ni gida. Ba ta iya karatu ba, sai ta miƙo mini Littafi Mai Tsarki ta ce, "'Yata, karanta mini Yahaya 21." Da na kai aya ta 9 ta tsayar da ni. "Wace irin wuta ce a bakin tekun?" Na ce ta gawayi ce, Mama. Ta sa na koma sura 18, aya ta 18. Ashe a bakin wutar gawayi Bitrus, almajirin Yesu, yake jin ɗumi daren da ya yi musun Ubangiji. Sau uku ya yi musu, sau uku Yesu ya tambaye shi a bakin tekun nan ko yana ƙaunarsa, kuma kowane karo aiki ya danƙa masa, kiwon tumakinsa. Bai ce masa ya koma baya ya zauna ba.

Sannan ta kawo zancen Yahuza, almajirin da ya ba da Yesu. Shi ma ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 da aka biya shi, amma ya yanke wa kansa hukunci da hannunsa. "Kin biya mata kuɗinsu, kin kyauta. Bashin zunubin da Yesu ya biya fa, shi ma kina so ki sake biya?"

Maganar ta yi mini zafi, domin gaskiya ce. Abin da nake ɗauka tawali'u ne, girman kai ne a ɓoye: na fi son in sha wahala in ce na cancanta da in karɓi kyauta hannu wofi.

Ba a dare ɗaya na warke ba. Na fara da daina roƙon gafarar da aka riga aka ba ni, na mai da shi godiya, bisa alkawarin 1 Yahaya 1:9 cewa in mun hurta zunubanmu zai gafarta mana. Na rubuta Romawa 8:1, mai cewa ba sauran hukunci a kan waɗanda suke na Almasihu Yesu, na manna a bayan ƙofa, in zargi ya taso da asuba in karanta da ƙarfi. Har yau akwai mai yi mini habaici idan an ambaci kuɗi. Yana sosa rai, amma ba ya kore ni daga sujada.

Ranar Ista da ta biyo baya na sa ankona, yana warin ajiya. Da ƙoƙon ya iso, hannuna na rawa, sai Mama ta tallabe mini gwiwar hannu har na sha.