Tufafin wasan kwaikwayo: aikina tsakanin keken ɗinki da ajin jami'a

Mai kallon wasan kwaikwayo a Damagaram, wato Zinder, ba ya jiran ɗan wasa ya buɗe baki kafin ya gane ko wane ne ya fito. Da zarar mutum ya tako dandamali, ido ya riga ya duba naɗin rawaninsa da faɗin rigarsa da irin takalmin da ke ƙafarsa, ya yanke cewa wannan basarake ne, ko malami, ko falke, ko bafade. Mutanen garin nan sun tashi suna kallon hawan salla a ƙofar fada, sun san kayan dogarai, sun san wanda ya isa ya yafa alkyabba da wanda bai isa ba, saboda haka ba a yi musu rufa-rufa da tufafi. Idan aka naɗa wa talaka rawani mai kunne biyu, wanda a masarautun ƙasar Hausa na ƴaƴan sarauta ne, za a ji gunaguni ya tashi daga bayan fili, kuma daga wannan lokaci marubucin wasan ya rasa rabin masu saurarensa.

Wannan shi ne aikin da na daɗe ina yi, wato tsara tufafin ƴan wasa da ɗinka su, kuma tare da shi nake koyar da adabi da wasan kwaikwayo a jami'a. Allura na fara riƙewa kafin alli. Wajen gwaggona na koyi yanka da ɗinki tun ina ƴar makaranta, a zamanin da wasan kwaikwayon Hausa ke tashe a Nijar. Waɗanda suka rayu a mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, sun tuna yadda ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa suka sa kowace jiha ta riƙa shirya wasanta, da yadda ƴan wasan Zinder, irin su Yazi Dogo, suka shiga gidajen mutane ta rediyo da talabijin. A wasannin da na gani ina ƙarama, yawancin kayan aro ne daga gidaje: rigar baba, zanen inna, kwat ɗin wani ma'aikaci. Aro yana wadatarwa idan labarin na yau ne, domin rigar da mai ita ya daɗe yana sawa ta fi sabuwa faɗin gaskiya a kan dandamali. Inda aro ke gazawa shi ne wasan tarihi, kuma a nan ne sana'ar ta zama bincike a wurina.

A ɗauki wasan da aka gina a kan zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi mulki na kimanin shekara talatin ya rasu a 1884, sarkin da ya ƙarfafa ganuwar birni ya kuma tara bindigogi da igwa. Kafin in yanka ko da ƙyalle ɗaya, dole ne in san irin yadin da ke shigowa kasuwar Zinder a lokacin, da hanyar da yake biyowa, da wanda ke da ƙarfin sayensa. Garin yana kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ya biyo ta Agadas ya nufi Kano, yana kuma da tsohuwar alaƙa da Barno, don haka a fada ɗaya ana iya ganin alkyabba da jar dara daga arewacin sahara, da kore da turkudi daga marinar ƙasar Kano, da salon sutura irin na Barebari. Alharinin da ake ratsa wa rigar barage siliki ne da ke ƙetaro sahara, tsamiya kuwa silikin gida ce da ake samu daga tsutsar daji. Shuɗin da ke jikin kowa na baba ne daga karofi, domin shunin kamfani bai shiga kasuwa ba sai a 1897 a Jamus, shekara 13 bayan rasuwar Tanimun. Rigunan kuma da sawaye ake haɗa su, wato siraran saƙa da ake jerawa a ɗinke da hannu, ba da yadi mai faɗi irin shaddar da muke saya yau a Kasuwar Dole ba.

Rubutattun shaidu suna taimakawa, amma da iyaka. Baturen Ingila James Richardson ya sauka Zinder a watan Janairu na 1851, Bajamushe Heinrich Barth ya iso a ƙarshen 1852, kuma dukansu sun rubuta abin da suka gani. Hotuna kuwa sai wajen 1899, shekarar da sojojin Faransa suka kama garin, suka fara samuwa. Baƙi ne waɗannan mutane, fada da kasuwa suka gani, kuma maza suka fi bayyanawa. Ba za su gaya maka yadda matar attajiri a unguwar Zango take ɗaura zane a cikin gidanta ba, ko abin da ya bambanta suturar amarya da ta mai jego, ko yadda mai takaba take fita. Wannan ilimin yana wajen tsofaffin mata, kuma kasancewata mace ya buɗe mini ƙofofin da abokan aikina maza ba sa iya wucewa. Na sha zama a tsakar gida a unguwar Birni ina kallon tsohuwa tana kwance ƙunshin kayan kakarta, tana nuna mini gwado da fatala da tsohon saƙi, tana cewa: "Ɗiyata, taɓa ki ji nauyinsa, wannan ba irin na yanzu ba ne." Abin da hannu ya ji a irin wannan zama ba ya cikin kowane littafi da na karanta.

Bayan an san gaskiyar tufafin, sai a fuskanci dandamali, wanda yake da nasa sharuɗɗan. Babbar riga ta asali mai aska takwas, wadda aka yi wa aiki da hannu, tana cin watanni, kuɗinta kuma ya fi abin da ake ware wa wasan gaba ɗaya. Ko da an samu aronta, nauyinta yana hana ɗan wasa sakewa, balle a watan Afrilu da Mayu da zafin Damagaram ke haura digiri 40. Don haka nakan sayi akoko ko farin yadi mara tsada, in rina shi, in bi shi da layukan ɗinki a tsaye domin daga nesa ya yi kama da sawaye, sannan in zana askar in bi ta da igiyar zare mara ƙyalli. Ba na yarda da aikin keke mai walƙiya a wasan ƙarni na 19, ko da kuwa ƴan wasa sun fi son sa, domin walƙiyar tana sanar da mai kallo cewa jiya aka ɗauko rigar daga shago. Fitila ma tana sauya launi: shuɗi mai duhu yakan koma baƙi, fari tas kuma yakan kashe ido ya ɓoye fuskar ɗan wasa, shi ya sa nake tsoma fararen kaya a ruwan shayi su ɗan dusashe. Kayan talaka sun fi na sarki wuya, domin sai an wanke su sau da yawa, an goga musu ƙasa da toka a gwiwa da wuya da kafaɗa, wuraren da aiki ke cin tufa, kafin su yarda su zama na manomi. Sulke kuwa da igiya muke saƙa shi mu shafa masa fenti mai ruwan ƙarfe, rawanin da za a sauya cikin hanzari kuma mukan naɗa shi a kan hula tun da wuri mu kama shi da zare, amma sai wanda ya iya naɗi na gaske ya yi mana, domin naɗin da aka yi da ka ba ya ɓuya.

Duk wannan nake kaiwa aji. Jami'ar garinmu, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunan Andre Salifu, ɗan Zinder da aka haifa a 1942 ya rasu a 2022, masanin tarihin da ya yi bincike a kan masarautar Damagaram ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun. Nakan tuna wa ɗalibai haka a farkon shekara, domin su ga cewa tarihi da dandamali sun taɓa haɗuwa a hannun mutum ɗaya a wannan gari. Duk da haka, akwai waɗanda ke zuwa da tunanin cewa allura ba ta dace da mai neman digiri ba. Wani ɗalibi ya taɓa ce mini cikin ladabi: "Malama, iyayenmu ba don mu zama teloli suka turo mu nan ba." Ban ga laifinsa ba, domin haka aka nuna masa tun yana ƙarami. Abin da na yi shi ne na ba shi matsayin wani dogari a wasan da muke nazari, na ce ya kawo mini hujjar kowane abu da mutumin zai sa, daga hula har takalmi. Aikin ya kai shi ɗakin karatu, ya kai shi wajen dukawa da majema, ya kai shi gaban wani dattijo a fada, kuma rahoton da ya rubuta ya fi duk abin da ya taɓa kawo mini zurfi. Hanyar koyarwata ke nan: a karanta wasan a fitar da abin da marubuci ya faɗa game da kowane mutum da abin da ya bari a ɓoye, a je a tambayi masu sani, a zana, sannan a yanka.

Akwai abin da ke damuna a wannan haɗin sana'a biyu, kuma ba ni kaɗai yake damu ba. Ma'aunin da ake auna malamin jami'a da shi maƙalar da aka buga a mujalla yake ƙirgawa. Tufafin wasa guda, waɗanda suka ci watanni ana bincike da tambaya da gwaji, kuma ɗaruruwan mutane suka gani suka fahimci wani abu game da kakanninsu, ba su da gurbi a takardar neman ƙarin girma. Ina rubuta maƙaloli, kuma ina ganin amfaninsu, amma ra'ayina shi ne aikin da aka yi da hujja, aka ajiye zanensa da bayanan da aka dogara da su yadda wani zai iya dubawa ya yi gyara, ya cancanci a kira shi bincike, ko a takarda ya fito ko a jikin ɗan wasa.

Abin da ya fi wannan gaggawa shi ne masu ilimin suna ƙarewa. Masu aikin riga da hannu sun tsufa, ƴaƴansu da yawa sun koma keke ko sun bar sana'ar, marina kuma sun fi amfani da garin rini na kanti saboda ya fi sauri. Ba na zargin kowa, domin kasuwa ce ta juya, kuma mutum ba zai ciyar da iyali da rigar da ba mai saye ba. Shi ya sa yanzu kowane ɗalibin da ya bi ta ajina sai ya zauna da mai sana'a ɗaya, da izininsa, ya rubuta sunayen zane-zane da kayan aiki da matakan aikin kamar yadda mai shi ya faɗa, ya ɗauki hoto, ya manna ƙyallen misali a littafi. Muna kuma rubuta sunan kowane dattijo a kan abin da ya koyar da mu, kuma idan an yi wasa mukan kai masa gayyata har gida.

A bana lifidi muka sa a gaba, rigar yaƙin nan da ake cusa wa auduga a bi ta da ɗinki, wadda barade da dawakansu ke sawa. Wani dattijo da ya gaji aikin kayan doki ya yarda ya nuna mana yadda ake raba audugar domin kada ta taru a wuri ɗaya, mu kuma muna neman yadda za mu rage mata nauyi har ɗan wasa ya iya tsayawa da ita tsawon fitowa guda a cikin zafi. Idan ta yi yadda muke so, za mu gwada ta a dandamali bayan damina, kuma shi za mu fara nuna wa kafin kowa.