Natural Bridges: a duba jadawalin cika da janyewar teku kafin a kama hanya

Natural Bridges bakin teku ne na gwamnatin jihar Kalifoniya a Amurka, a ƙarshen titin West Cliff Drive cikin garin Santa Cruz. Wurin yini ne, ba a kwana: ana buɗewa ƙarfe 8 na safe, a rufe da faɗuwar rana. Ana biyan kuɗin ajiye mota a ƙofa.

Sunan ya samo asali daga duwatsun da ruwa ya huda suka zama kamar gada. Da uku ne. Ɗaya ya rushe tun da daɗewa, wani kuma ya rushe a guguwar 1980, yanzu saura ɗaya tsaye cikin ruwa, tsuntsayen teku na sauka a kansa.

Abin da ya fi daɗin kallo sai ruwa ya janye yake bayyana: ƙananan kududdufai a kan duwatsu, cike da ƙaguwa da dodon koɗi da halittu masu siffar tauraro. Ruwan kan janye sau biyu a yini, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50, don haka sa'ar jiya ba ta yau ba ce. A isa awa ɗaya kafin ya kai ƙarshen janyewa. Gansakukar kan duwatsun tana da santsi, silifas ba zai yi ba. Kada a juya wa teku baya, igiyar ruwa babba kan taso ba zato. Doka ta hana ɗaukar komai, ko da ɓawon koɗi ne.

Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon shekara, malam-buɗe-littafi masu launin ruwan lemo suna taruwa a kurmin bishiyoyin turare. Idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 13 na ma'aunin Celsius ba sa iya tashi, sai su dunƙule a rassa har a ɗauka busassun ganye ne. Da hantsi ya fi. Hanyar katako ce ke kaiwa can, keken guragu ma yana bi.

Akwai tebura a inuwa, wurin gasa nama, famfo da banɗaki. Gawayi kuwa sai an zo da shi. Ruwan yana da sanyi ko a watan Agusta, hazo kuma kan rufe gaɓar da safe, rigar sanyi dole ce. Wanda ruwa ya ja zuwa ciki kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo ta gefe, daidai da gaɓa, har ya fita daga jan.