TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 17: Ƙofofin Kano a cikin wayoyin iyaye

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin mun tsaya a inda aka buɗe makarantu bayan korona, na ba ku labarin yadda tun da aka rufe mu a watan Maris na 2020 na koma naɗar darasi da murya ina turawa a gurup ɗin WhatsApp, wasu su saurara wasu ko buɗewa ba sa yi. Toh yau daga nan za mu ɗora.

Da muka koma aji abin da ya fi damuna shi ne aikin rukuni. Duk malamin da ya taɓa bayarwa ya san yadda ake yi, yara takwas a rukuni, ɗaya ya zauna ya rubuta, sauran bakwai su jera sunayensu a bangon takarda, kai kuma ka ba su maki iri ɗaya alhali zuciyarka ta san ba a yi adalci ba. Shekara da shekaru ina koyar da tarihi a haka kuma abin bai taɓa kwanta min ba.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a jami'a shi ya fara nuna min Google Docs, ya zo gaishe ni ya tarar ina fama da tulin takardun 'yan SS2 a tsakar gida. Ya ce "Anti ai akwai hanyar da duk za su yi rubutu a takarda ɗaya a lokaci ɗaya, ke kuma kina ganin wanda ya rubuta kowane layi." Na ce ɗana ban gane ba, nuna min. Ya buɗe laftof ɗina ya buɗe wayarsa, yana rubutu a can harafin na fitowa a gabana tare da sunansa a saman wani ɗan tsinke mai launi da ke tafiya. Wallahi na daɗe ina kallon sikirin ɗin nan ban ce komai ba, ina ta tuno yaran da na san suna da abin faɗa amma ba su taɓa ɗaga hannu ba.

Abu na farko da ya nace sai na riƙe shi ne izini kala uku ne, akwai wanda zai karanta kawai, akwai wanda zai iya yin sharhi a gefe, akwai wanda zai iya gyara ainihin rubutun. Ya ce kar in saki adireshin shafin ga kowa da kowa, in gayyaci kowane yaro ta imel ɗinsa, don wanda ya shigo ba ta haka ba sunansa ba ya fitowa, sai dai sunan wata dabba da manhajar ke laƙaba masa. Na rubuta duk wannan a littafina da biro kaman 'yar aji ɗaya.

Aikin da na zaɓa musu shi ne ganuwar Kano da ƙofofinta. Kowane rukuni ƙofa ɗaya, Ƙofar Mata, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Na'isa, Ɗan Agundi, Kabuga, Mazugal. Na rubuta musu shimfiɗa a saman shafin, cewa Sarki Gijimasu wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134 shi ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa kuma daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta ya kafa kasuwar Kurmi, sauran kuma na ce su za su nemo, a littafi, a Gidan Makama inda ake adana kayan tarihin Kano, da kuma bakin dattawan unguwarsu.

Nan fa aka zo wajen waya. Mafi yawansu ba su da tasu, ta Umma ce ko ta Abba ko ta yaya, kuma a waya sai an sauke manhajar kafin a iya gyara rubutu, ga data ga caji ga wutar da ba ta zama. Sai ka ga sunan wani Alhaji yana rubutu a sashen Ƙofar Kabuga ƙarfe tara na dare, ashe 'yarsa ce. Dole na ware shafi a bayan rajista na rubuta wane suna na wane ɗalibi ne. Waɗanda babu babbar waya a gidansu sam, ko iyayen suka ce ba su yarda ba, na ce su rubuto a takarda su zo lokacin tara su shigar da hannunsu a laftof ɗina, in kunna musu data daga wayata. Ban yarda wani ya buga wa wani ba, don in aka fara haka an koma gidan jiya. Kuma ban ga laifin iyayen da suka ƙi ba, ni ma uwa ce, na san abin da ake tsoro. Shi ya sa na kafa doka, ba hira a shafin, ba hoton kowa, bayan sallar isha'i da awa ɗaya kowa ya ajiye.

Wata ranar Laraba shugabar rukunin Ƙofar Nasarawa ta same ni a ofishin malamai idonta ya yi ja, ta ce "Malama an goge mana komai, aikin sati biyu babu ko layi ɗaya." Wani yaro ne ya danne rubutun gaba ɗaya a wayar yayansa hannunsa ya taɓa gogewa, shi kansa yana tsaye a bakin ƙofa jikinsa na rawa. Na buɗe inda manhajar ke ajiye tarihin gyare-gyare, a kwamfuta ake ganinsa sosai, kowace rana da lokacinta da sunan wanda ya taɓa, na koma na daren jiya na maido musu da shi yadda yake. Yarinyar nan ta dafa ƙirji tana ta Alhamdulillahi, shi kuma yaron na ce ya zo ya zauna ya ga yadda aka yi don gobe shi zai gyara wa wani.

Amma abin da na gani a cikin wannan tarihin gyaran shi ya fi tsaya min a rai. Akwai wata yarinya da ke zama a layin baya kusa da taga, in ka tambaye ta a aji sai ta sunkuyar da kai, makinta kullum tsaka-tsaki, ni kaina na ɗauka iyakarta ke nan. Ashe fiye da rabin sashen Ƙofar Mata ita ta rubuta, da asuba take yi kafin mahaifiyarta ta karɓi wayar. Kakanta marini ne, ya kai ta karofin Ƙofar Mata ta ga rijiyoyin rinin da ake cewa tun 1498 suke, ta rubuta yadda ake haɗa baba da toka a bar su su jiƙu kwanaki kafin a fara tsoma zane, yadda ake tsomawa a ɗaga ya sha iska a sake mayarwa har shuɗin ya kama, da ƙarar mabuga da take ji daga nesa. Na rubuta mata a gefe, "'yata wannan bayanin daga ina?" Da safe na tarar da amsa ta yi layi shida. Yarinyar da ba ta taɓa ba ni amsar da ta wuce eh ko a'a ba.

Haka kuma na ga masu kwafowa daga intanet, don wanda ya rubuta da kansa za ka ga yana ƙarawa yana gogewa, shi kuwa mai kwafi shafi guda zai faɗo a minti ɗaya da Turancin da ya fi ƙarfinsa. Ban kunyata kowa a gaban aji ba, a gefen rubutun nake cewa ka faɗa min wannan da bakinka, me dattijon unguwarku ya ce? Da can sai aiki ya ƙare nake ganinsa, in sa jan biro in ba da maki shi ke nan, yanzu kuwa tun yana ɗanye nake shiga, in tambaya su gyara in sake tambaya. Wannan karon kowa makin gumin kansa ya samu, kuma babu wanda ya zo min da ƙorafi tunda komai a rubuce yake.

Ranar da suka gabatar a aji firinsifal ya leƙo ya tsaya a baya har aka gama, da na fito ya ce "Malama ki same ni a ofis, ina so ki koya wa sauran malamai wannan abin." Yadda aka kwashe a wannan zaman, da dattijon malamin lissafin da ya ce shi da allo da alli mutu ka raba, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.