Sunan Hajiya ya sayar da fitowa ta farko, ta biyu kuwa tana nan a bayan ƙofa

Kullum na buɗe shago da safe, katan goma sha ɗaya ne suke fara tarbata. Suna jingine a bayan ƙofa, cike da fitowa ta biyu ta littafin labari cikin zane da na buga. Yaron shagona har ya mayar da biyu daga ciki kujera.

Ba da ka na shiga harkar ba, sai da na yi karatuna, ko kuma haka na ɗauka. Na ga abin da kamfanin Marvel na Amurka, mai buga irin waɗannan littattafai, ya yi a 2016, da ya ɗauko Ta-Nehisi Coates ya ba shi rubutun Black Panther. Mutumin ɗan jarida ne, marubucin da ya ci babbar kyautar littafi ta Amurka a 2015, bai taɓa rubuta labarin zane ba, amma fitowar farko ta haura kwafi 250,000. Na ga Keanu Reeves, ɗan wasan fim, ya sa sunansa a kan BRZRKR a 2021, fitowar farko ta wuce kwafi 600,000. Ga kuma Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, ta rubuta wa Marvel labarin Shuri a 2018, mutanen da ke bin littattafanta suka biyo ta. Sai na ce a raina, ai mu ma muna da namu. A Kano akwai marubutan da idan aka ji sabon littafinsu ya sauka Sabon Gari, kafin la'asar an wawashe.

Haka na tunkari wata Hajiya, marubuciyar da matan aure da 'yan mata suka san sunanta tun zamanin littattafan haya. Ta amince. Samun mai zane bai ba ni wahala ba: wani yaro ne da ya gama karatun zane a Zariya, hannunsa kamar me. Idan ya zana uwar miji tana harara, sai ka ji kamar kai take harara.

To, a wurin rabon kuɗi na tafka kuskuren. Na ware wa Hajiya kaso mafi tsoka, na biya ta gaba ɗaya tun kafin ta rubuta layi guda. Yaron kuwa na yi masa jinga, shafi kaza naira kaza, a biya bayan an sayar. A bango, sunanta ya cinye kusan rabin shafi. Nasa yana can ƙasa kusa da adireshin maɗaba'a, sai ka sa tabarau. Da ya ga samfurin, ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Oga, ni ina nawa sunan?" Na nuna masa da yatsa. Ya yi murmushi kawai. Da na san abin da murmushin nan zai ja mini!

Fitowar farko ta tafi kamar ƙosai da safe. Kwafi dubu muka buga, cikin mako uku babu ko ɗaya. Wata mata ta aiko direbanta ya saya biyar, wai har da na ƙannenta da ke Maraɗi. Kaina ya kumbura. Na ci bashi, na ce fitowa ta biyu dubu uku za a buga.

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda fitowar farkon ta zama littafi. Hajiya labari ta ba mu irin wanda ta saba rubutawa, shafi arba'in na zube, ana kwatanta falo da labule da abin da zuciyar amarya take saƙawa. Yaron ne ya zauna ya yanka shi gida-gida, ya zaɓi inda za a tsaya a ƙarshen shafi don mai karatu ya ƙagu ya juya, ya rage zancen da ya kai layi goma ya koma kalma shida da za ta shiga da'irar magana. Wani wurin ma ya zubar da maganar gaba ɗaya ya bar fuska ta yi aikin. Rabin rubutun nasa ne, ni kuwa ina biyansa kamar mai fenti.

Kuma wannan yana nan a fili cikin misalan da na haddace, ni ne dai idona ya tsaya a kan manyan sunaye. Coates ba shi kaɗai aka saki ba, an haɗa shi da Brian Stelfreeze, wanda ya shekara da shekaru yana zanen irin waɗannan littattafai. Reeves tare da Matt Kindt suka rubuta, Ron Garney ya zana, dukansu tsofaffin hannu. Kai, littafin da ya fi kowanne ciniki a tarihin harkar a Amurka, X-Men na 1991 da ya haura kwafi miliyan 8, sunan mai zane Jim Lee ne ya fi jan jama'a gare shi. A 1992 shi da Todd McFarlane da wasu abokan aikinsu suka fice daga Marvel suka kafa kamfanin Image, saboda suna ganin ba a ba su haƙƙin abin da hannunsu ya ƙirƙira, masu karatu kuma suka bi su. Duk na san wannan labarin. Har ba wa mutane nake yi a majalisa.

Ana cikin aikin fitowa ta biyu, yaron ya samu aiki da wani kamfanin talla a Abuja. Shafi tara ya gama. Ya kawo mini su cikin ambulan, ya ce in yafe masa, yana da ƙanne a makaranta. Ban da bakin magana, don kuɗin fitowar farko ma ban gama biyansa ba. Hajiya kuma ta tafi Umara, ta dawo ta shiga hidimar bikin 'yarta, ƙarshen labarin bai zo hannuna ba sai bayan wata huɗu. Ba na ganin laifinta, ta riga ta karɓi kuɗinta, kuma wannan ba shi ne babban aikinta ba.

Na nemo wani mai zanen cikin gaggawa. Ya yi iya ƙoƙarinsa, amma daga shafi na goma jarumar ta canja kama: hancin ya gajarce, ɗaurin ɗankwalin ya koma wani iri, maganganu suka cika gidajen har suna rufe fuskoki. Na gani, na ce ai sunan Hajiya yana bango, zai wuce. Na sa hannu aka buga dubu ukun.

Wata dattijuwa da ke sayen littattafai a wurina tun ina yaron shago ta ɗauki kwafi, ta buɗe tsakiya, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba ita ba ce. Ina yarinyar da muka sani?" Ta ajiye, ta sayi littafin Hajiya na zube ta tafi. A ranar na gane cewa masoyan Hajiya sun zo fitowar farko ne don su ga abin da ta yi. Da suka gani, masu son rubutunta suka koma inda suka saba samunsa da yawa kuma da araha. Waɗanda suka rage suna jiran ta biyu, fuskar jarumar suke jira, ni kuma na bar mai fuskar ya tafi Abuja a kan kuɗin da bai kai na katan biyu ba.

Wanda zai gwada, kada ya biya mai suna duka kafin labarin ya kammala a hannunsa, har ƙarshensa. Kada ya auna bugu na biyu da cinikin na farko, don na farkon ɗoki ne. Kuma ya rubuta yarjejeniya da mai zane kafin ma ya je gaishe da marubuci, da kasonsa a cikin ciniki, da sunansa a bango daidai girman na kowa.

Makon jiya na tura wa yaron ragowar kuɗinsa, na haɗa da saƙo a WhatsApp cewa ina so mu sake zana fitowa ta biyu daga shafi na goma, da sharuɗɗan da ya ga dama. Alamar ta nuna ya karanta tun ranar Talata. Na duba wayar yau da asuba, na sake dubawa bayan azahar.