Hunturun da na kwashe ina tayar da Jet Rocket

A wani gareji a bayan garin Shikago na Amurka na sami injin wasan nan, an jingine shi da bango an lulluɓe da tsohon bargo. Mai shi dattijo ne da ya yi shekaru yana zagaya shaguna da wuraren shaƙatawa yana kwashe tsabar kuɗi daga injinan wasa. Ya ce rabon da a kunna wannan tun kafin a haifi jikokinsa. Da ya yaye bargon sai ga sunan a goshin akwatin: Jet Rocket, na kamfanin Sega na Japan, fitowar 1970. Mu uku muka cicciɓe shi zuwa mota, kowa na nishi.

Wanda bai taɓa ganinsa ba zai ɗauka wasan bidiyo ne. Ba allon talabijin a cikinsa, ba kwamfuta. Shi kansa Pong na kamfanin Atari sai a 1972 ya fito, shekara biyu bayan wannan. Abin da ke ciki wani faffaɗan bel ne da inji ke juyawa a hankali, an manna masa ƙasa ta soso: tuddai, tsibirai, filin saukar jirgi, rumbunan mai. Akwai madubi a karkace da ke ɗauko hoton ya kawo maka gaban ido, da fitila mai shuɗin haske da ke sa fenti ƙyalli a cikin duhu. Kana kama mariƙin tuƙi ka leƙa, sai ka ga ƙasa na gudu a ƙarƙashinka kamar kana cikin jirgin yaƙi da dare. Ka danna maɓalli, haske ya zabura kamar roka, in ka dace wuta ta walƙa, ƙara ta tashi, maki ya hau. Duk wannan da waya, rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa), koyil da madubi aka haɗa shi, kuma har yau abin yana burge ni.

Daren farko ɗoki ya ja ni na jona shi da wuta ban duba komai ba. Bel ya ɗan motsa ya tsaya, wani abu ya kama gurnani a ƙasa, kafin in kai hannu ga soket warin ƙuna ya cika ɗakin. Koyil ɗaya ya tafi. Da na bi sawu sai na tarar tsohon giris ya daskare ya zama kamar ƙaro, ya riƙe wani faifai mai haƙora da ya kamata ya matsa ya yanke wa koyil ɗin wuta. Fiyus ɗin da zai kare shi kuwa, wani ya taɓa canza shi da wanda ya fi ƙarfin wurin. Minti goma na dubawa da sun hana wannan asara.

Ban tsaya nan ba. Na ɗauko man fesawa na bi duk abin da ke motsi, na kuma sa magagari na goge bakin makunnan da suka yi baƙi. Kwana biyu injin ya yi aiki, a na uku ya fi da lalacewa. Man ya kwaso ƙura ya dame, makunnan da na goge kuma na cinye musu siririn rufin da ke hana su tsatsa.

Sai na kira maigidana na Kano, wanda ya koya mini naɗin koyil na fanka da injin ruwa tun ina yaro. Na juya masa kyamarar waya ya ga cikin akwatin. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba.

"Ranka ya daɗe, ta ina zan fara?"

"Ka ajiye gwangwanin man nan tukuna," in ji shi. "Mai ba ya wanke datti, tara shi yake yi. Kuma kada ka taɓa abu biyu a rana ɗaya, in ya gyaru ba za ka san wanne ne ba."

Haka na bi. Takardar zanen wayoyin na nan a cikin akwatin, ta yi ja don tsufa, na ɗauki hotonta na buga babba na manna a bango. Kowane dare bayan isha'i ɓangare ɗaya nake cirewa, in ɗauki hotonsa kafin in kwance, in wanke da sifirit, in mayar. Makunnai kuwa farin kati mai kauri nake zurawa tsakanin bakunansu, in matse da yatsa in ja, in sake, har katin ya fito fes. Giris ɗan kaɗan, inda ƙarfe ke gogar ƙarfe kawai. Sandar da ke shiga cikin koyil a bushe ake barinta. Na kuma koyi cewa kusoshin Japan masu kan gicciye ba daidai suke da na Amurka ba, sukundireban nan yana zamewa ya cinye musu kai. Sai da na ɓata uku kafin na nemo irin nasu.

Koyil ɗin da ya ƙone da hannuna na naɗa shi. Na warware tsohuwar wayar ina ƙirga zagaye ina yin alama a takarda duk ɗari, na auna kaurinta, na samo irinta. Yatsuna sun tuna aikin tun kafin kaina ya tuna.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ƙasar soson. Wani tudu na taɓa da ɗan yatsa ya zube ya zama gari. Wannan ba a sayar da shi a ko'ina. Na yanka sabon soso na cike gurbin, na shafa fenti, da rana ba ka bambance su, amma a ƙarƙashin shuɗiyar fitilar nawa ya fi haske, kamar sabon faci a tsohuwar riga. Na bar shi haka, na daina taɓa sauran.

Dattijon ya zo ranar da na kunna shi. Ya ba ni labarin yadda kamfanonin Shikago suka fito da irinsa ba da daɗewa ba, Bally da Target Zero, Williams da Flotilla, ya ce duk ya kwashi kuɗi a cikinsu. Maigidana na Kano kuma cewa ya yi in kawo shi gida Najeriya. Na faɗa masa taransifoma za ta sauko da ƙarfin wutarmu ta gida daga volt 230 zuwa abin da injin ke so, amma bugun wutar Najeriya 50 ne a daƙiƙa, ta Amurka 60, don haka bel ɗin zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida.

Yanzu yarana biyu ke layi a kansa. Ƙaramar ba ta cika son harbin ba. Idan yayanta na wasa sai ta zagaya baya, inda na bar ƙofar a buɗe, ta tsuguna tana kallon tuddan suna hawa suna wucewa, tana kiransa: "Yaya, ga tsibirin nan zuwa!" Faifan maki na goma-goma har yanzu yakan tsallake lamba idan ɗakin ya yi sanyi. Ranar Asabar zan cire shi in sake wankewa.